Muryar Yaya a Faifai Huɗu

Ina da wani ɗan hali da ba na so a faɗa a gaban 'ya'yana. Idan mutum ya shigo shagona rungume da na'ura, fuskarsa kamar wanda ya dawo daga jana'iza, sai in ji wani daɗi ya tsarga mini tun daga ƙeya. Ba mugunta ba ce, ko in ce ba ita kaɗai ba. Sana'ata ita ce tono bayanan da suka nutse a cikin faifan kwamfuta, kuma babu mai tuna akwai irina a duniya sai ranar da abinsa ya ƙi tashi. A ranar kuwa har "ranka ya daɗe" ake ce mini, ni da matata take aike sayen albasa.

Da wannan daɗin na tarbi mutumin da ya hawo benenmu wata safiya, yana nishi tsakanin shagon tela da na mai gilashin ido. Siriri ne, yana taka ƙasa da kan yatsu kamar mai tsoron tayar da jariri. Na san shi sama-sama. Yana da ɗan situdiyo inda ake ɗaukar tallace-tallace da waƙoƙin masu neman suna, kuma ana ce masa Malam Shiru, saboda kalmar da ya fi furtawa ke nan a wurin aiki. Ya naɗo wani akwatin ƙarfe a cikin bargo. Saba ce, wato na'urar da ke riƙe da duk abin da ya taɓa ɗauka.

Na gyara zama ina shirin karɓar girma, sai ga matar yayana ta shigo a bayansa.

"Ƙanin miji, rufe bakin nan kada ƙuda ya faɗa," in ji ta.

"Matarmu, me ya haɗa ki da wannan bawan Allah?"

Ta nuna bargon da haɓa. "Yayanka ne a ciki."

Yayana shugaban leburori ne a wuraren gini tun ina makaranta. Lasifika ake kiransa. Yakan tsaya a ƙasa, injin kwaɓa siminti yana ruri a gefensa, ya yi wa birkila magana a hawa na biyar, birkilan ya amsa da "na ji, Oga, ba sai ka yi ihu ba." Shi kuwa a ganinsa ba ihu ya yi ba. In ya ce zai gaya maka sirri, maƙwabta sukan fito su ba da shawara. Shekara guda kafin wannan safiyar likitoci suka ga abu a maƙogwaronsa, suka ce sai an cire wurin gaba ɗaya, da muryar da komai. Aka cire. Tun daga nan da farin allo na yara da alƙalami yake magana.

Abin da ban sani ba, sai a ranar ta gaya mini, shi ne kafin a yi aikin ya yi ta zuwa situdiyon Malam Shiru a ɓoye. 'Yarsa tilo, wadda tun tana jaririya yake ce wa Bulo saboda nauyinta a hannu, ta yi aure ba da jimawa ba. Ya ce ba zai yarda jikansa ya taso yana zaton kakansa allo ne ba. Sai ya zauna gaban makirufo ya yi ta zuba wa yaron da ko cikinsa ba a ɗauka ba. Bai karɓi kwafi ba, don Malam Shiru ya ce a bari ya tsince tari da gyaran murya tukuna. Ga shi Bulo tana da ciki, likita ya fara yi wa matar Yaya magana a hankali a bakin ƙofa, saba kuma ta mutu.

Na warware bargon. Faifai huɗu ne a jere a gaban akwatin, kowanne da 'yar fitilarsa. A kan fitilar na biyu an manna baƙin tef.

"Wannan fa?"

"Ƙyaftawa take yi," in ji Malam Shiru cikin raɗa. "Ja. Tana ɗauke wa mawaƙa hankali."

"Ba ta yi ƙara ba?"

"Ta yi. Tit, tit, tit, ba dare ba rana. Tana shigar mini makirufo." Ya ɗan yi murmushin wanda ya san aikinsa. "Sai na buɗe na gano wayar, na tsinke ta."

"Yaushe ke nan?"

"An ɗan jima."

"Jimawar mako ko ta shekara?"

Ya ɗaga kai yana kallon fanka. "Matata tana da tsohon ciki lokacin."

"Yaron ya fara zama?"

"Yana gudu."

Na yi masa bayani, ko da yake bayanin ba zai tayar da komai ba. Irin wannan na'ura takan yayyanka duk abin da aka ba ta, ta rarraba wa faifan nan huɗu, ta ƙara da wani ɗan lissafi, yadda in ɗaya ya mutu sauran ukun za su iya ƙiyasta abin da yake riƙe da shi. Ɗaya fa. Ba biyu ba. Tun ranar da na farkon ya mutu take kuka a kawo mata wani.

"Tana neman agaji, kai kuma ka yanke mata maƙogwaro," na ce.

Sai da maganar ta fita na tuna wadda ke zaune a kan kujerata. Matar Yaya ta duƙa tana gyara igiyar takalmin da ba shi da igiya. Na yi shekaru ina alfahari da cewa hannuna bai taɓa zamewa a cikin faifai ba. Bakina ne ban taɓa samar wa sukundireba ba.

Sauran labarin na riga na san shi kafin ya faɗa, don duk masu zuwa wurina makaranta ɗaya suka yi. Da wani faifan kuma ya fara ƙwanƙwasa, ya zare duka huɗun, ya hure su da baki, ya mayar da su yadda suka zo hannunsa. Da ya kunna, wata tambaya ta fito a allo, ya danna "e".

"Me ta tambaye ka?"

"Ban karanta ba, ranka ya daɗe. Amma na ga kamar taimako take nufi."

Ga "ranka ya daɗe" ya zo, bai yi mini daɗin komai ba.

Na sallame su na fara. Doka ta farko a aikinmu ita ce ba a taɓa asali, sai a kwafe kowane faifai sukutum a yi wasa da kwafin. Biyu masu lafiya suka kwafu ba gardama. Mai baƙin tef ma da na lallashe shi ya tashi, amma ba shi da amfani. Ya daina sauraren duniya tun kafin Yaya ya taka situdiyon, don haka duk abin da ya sani tsohon zance ne. Wanda nake bukata shi ne mai ƙwanƙwasar. Na sa shi a akwatin gilashi mai tace iska, na buɗe, na ga allurar da ke karanta shi ta karye ta ja zobe a fuskar faifan, siriri kamar gashi. Na sauko da wani mataccen faifai irinsa daga kan kantar shagon, cikin waɗanda matata take kira maƙabartata, na cire allurarsa na dasa. Ya karanta. A hankali, yana tsallake zoben, amma ya karanta.

Daga nan sai neman jeri, wane ne na farko, wane ne na ƙarshe, tunda mai su ya cakuɗa su kamar karta. Wannan ma na samu. Inda aka yi mini illa shi ne "e" ɗin nan. Na'urar ta ɗauka an ce ta sake gini, ta fara rubutu daga farko, kuma a farkon ne rumbun bayanai yake, wato inda aka ajiye sunan kowace murya da ranarta da mai ita. Na yi ta ɗinkinsa, yana buɗewa ya nuna mini layi uku ya faɗi. A ƙarshe na haƙura da shi, na bi faifan ina tsintar sautin kai tsaye. Sauti ya fito dubbai, babu mai suna ko ɗaya, sai lamba.

A tsakanin nan na je duba Yaya. An fito masa da gado falo don ya daina hawa mataki. Yana zaune da ƙyalle a wuya, ya rame har agogonsa yana yawo a hannu. A gefensa akwai cokali da kofin ƙarfe, da su yake kiran mutane. Ya ja allo ya rubuta da manyan baƙaƙe, don ko a rubutu bai iya magana a hankali ba.

"KA SAMO?"

"Ana kan aiki, Yaya."

Ya goge da gefen hannu. "HAKA NAKE CE WA MAI GIDA IN BA A FARA BA."

"An fara, wallahi."

"TO BA NI DA LOKACIN FENTI. A YI RUFI."

Babu wata dabara da ta rage sai saurare. Matar Yaya ta ce ita za ta yi. Kullum in ta gama ba shi abinci ta tiyo sai ta hawo benen, ta ajiye jaka a kan tarin wayoyina, mu sa abin ji a kunne, ni ɗaya ita ɗaya. Mukan ji farkon kowane fayil kaɗan, in ba shi ba ne in jefa shi cikin wata jaka da na sa wa suna "ba namu ba".

"Rage ƙarar nan," ta ce a ranar farko. "In yayanka ya faɗo mana ba shiri, sai dai a kai mu asibitin kunne."

Na rage.

"Kuma kada ka tsaya ɓata lokaci. Mutumin da na yi shekara talatin ina ji ta bango? Ko tari ya yi zan gane shi."

Mun ji abin da kunne bai cancanta ba. Mun ji tallan sabulu sau ba adadi, mace ɗaya tana ta rantsuwa cewa tabo ya fita. Mun ji wani saurayi yana neman wata murya a sama da Allah bai ba shi ba, Malam Shiru yana cewa "a sake". Mun ji sanarwar makaranta, da tallan maganin sauro, da wani da ya zo rera wa budurwarsa baiti ya fashe da kuka a tsakiya. A nan matar Yaya ta ce in bari mu ji ƙarshensa, na ce ba namu ba ne. Ta ce, "Kai dai Allah ya ba matarka haƙuri." Wani lokacin tela na maƙwabta yakan leƙo ya ga manya biyu sun yi tsit suna kallon bango, ya koma ba tare da ya yi sallama ba.

Lambobin suna raguwa, wasan da take yi mini yana raguwa tare da su. Ta daina ce mini ƙanin miji. A kwanakin ƙarshe ma ba ta cewa "wuce", sai dai ta ɗaga yatsa.

Muka kai na ƙarshe. Tallan taya ne.

Ta cire abin jin ta naɗe wayarsa a hankali, ta ajiye a kan tebur. "Shi ke nan?"

Na ce mai yiwuwa yana cikin wurin da aka rubuta wani abu a kai. Na ce mai yiwuwa akwai abin da na tsallake. Na faɗi "mai yiwuwa" iri-iri, irin waɗanda nake sayar wa baƙi, tana kallona kamar yadda take kallona tun ina saurayi in na ce ba ni na cinye naman ba.

"Me zan ce masa?" ta ce. "Kullum in na koma, kafin in cire takalmi ya buga kofi."

Na kira Malam Shiru, wanda tun ranar farko kunya ta hana shi hawowa. Niyyata in tambaye shi ko ya tuna tsawon abin da suka ɗauka, in kuma samu wanda zan huce a kansa. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa. Na ce babu. Ya ce a nuna masa waɗanda muka zubar. Na buɗe masa "ba namu ba", ya bi manyan fayilolin yana danna su ɗaya bayan ɗaya. Bai daɗe ba ya tsaya, ya cire wayar abin jin don sautin ya fito fili.

Numfashi ne da farko, mai nauyi, kamar ana jan buhu a kan siminti. Sai gyaran murya. Sai wata 'yar murya a shaƙe, tana karcewa, ta ce, "An fara? In yi magana?"

"Wannan ai mun ji shi," in ji matar Yaya. "Wani tsoho ne. Har na ce Allah ya ba shi lafiya."

Malam Shiru ya sunkuyar da kai. "Hajiya, shi ne."

"Kai, kada ka raina mini hankali. Mijina ne fa."

Ya bar sautin ya ci gaba. Tsohon ya yi tari, ya nemi ruwa, aka ji kofi ya taɓa tebur. Sannan ya ce, "To. Bulo, in kin haihu ki sa wa yaron wannan. Kai kuma, ko ke, ni ne kakanka. Da ina da murya, ka tambayi kowa."

Matar Yaya ta dafa teburina da hannu biyu, har sukurori suka gangara ƙasa.

"A gida ba haka nake jin sa ba," ta ce. "Wallahi ba haka nake jin sa ba."

Na yarda da ita, don ni ma hakan ne. Wata da watanni kafin aikin da wannan muryar yake yi mana magana, muna amsawa. Amma kunnenmu ya riga ya san shi, yana gyara masa ita kafin ta kai ciki. Makirufo bai san Lasifika ba, bai yi masa wannan alfarmar ba. Mu kuma muka zauna muna jiran wanda zai fasa mana kunne, shi ya wuce ta gabanmu yana tambaya ko ya yi magana, na jefa shi cikin "ba namu ba" da hannuna.

Da muka san abin da muke nema, sauran suka fito. Na haɗa su wuri ɗaya. Ba su cika ba. Duk inda zoben nan ya ratsa, magana takan yanke ta bar rami, sannan ta ci gaba kamar ba a yi komai ba. Malam Shiru ya ce zai iya matse ramukan yadda babu mai ganewa. Na ce ya taimaka ya daina gyara abubuwa.

Na kai wa Yaya da rana, na sa masa abin ji a kunne, na zauna a hannun kujera ina jin abin da ke tsiyayowa. Ya rufe ido. Can ya buɗe, ya ja allo.

"WA YA BA TSOHON NAN ARON SUNANA?"

"Shi muka samu, Yaya. Na asalin ya fi ƙarfin na'ura."

Ya harare ni ya koma saurare. Tsohon yana ba jikansa labarin ginin farko da ya yi, da yadda ake gane yashi mai kyau in an murza shi a tafin hannu, da ranar da aka haifi Bulo ya tsayar da aiki ya sanar da unguwa uku ba tare da ya motsa daga inda yake ba. Ya ce kakar yaron tana da faɗa amma a bi ta, ita ce mai gaskiya. Ya ce akwai wani Baba Ƙarami mai gyaran kwamfuta, kada a ba shi aron komai. Daga nan muryar ta sauka, ta ce, "Yanzu ka saurara da kyau. In ka manta duk abin da na faɗa, kada ka manta wannan."

Sai rami. Mai tsawo, mafi tsawo a cikinsu.

Sannan, "To, ka ji. Shi ke nan abin da na sani."

Na tsayar. Na ce, "Yaya, nan ne allura ta karce. Na yi iya yina. Me ka ce a wurin? Ka rubuta, in sa a haɗa masa da shi."

Ya daɗe yana kallon silin, alƙalamin a hannunsa. Matarsa ta fito daga kicin ta tsaya da tsumma. Ya rubuta, ya juyo mana da allon.

"NA MANTA."

Ya goge, ya sake rubutawa. "WATAƘILA KAN SIMINTI NE."

Kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya yake yi, irin wadda da takan sa a leƙo ta taga, yanzu kuwa ƙyallen wuyansa ne kawai yake motsi. Matarsa ta yi dariya ita ma, ta koma kicin ta buɗe famfo, ta bar shi yana zuba ya daɗe.

Kafin in tafi ya riƙe mini hannun riga, ya rubuta da ƙananan baƙaƙe, karo na farko da na ga ya yi haka: "Ka ba Bulo. Bayan raina."

Bai ga jikan ba. Namiji ne, an haife shi bayan rasuwar Yaya, gidan bai gama yin shiru ba. Na bari sai da Bulo ta warware, na je gidanta na ce ta kawo kwamfutarta. Na gaya mata abin da yake ciki, da yadda aka yi aka same shi, na ɗan ƙara gishiri a wurin dashen allura. Na gargaɗe ta cewa muryar ba wadda ta sani ba ce, kuma akwai ramuka. Na kwafa mata, na sake kwafa a filashi biyu, na ce ɗaya a ajiye a wani gida daban. Har lacca na yi mata a kan ajiya, ina tsaye, da yatsa a sama. Ta saurara da jaririn a kafaɗa.

"Na gode, Baba Ƙarami," ta ce. "Allah ya bar zumunci."

Na sauko daga gidan ina jin cewa ko ban yi komai a duniya ba, na yi wannan.

Kwanakin baya ta kawo mini kwamfutar, wai ta yi nauyi, ga shi yaron ya shiga makaranta ana ba su aiki a kanta. Na share mata tarkace, na ƙara mata wuri. Kafin in rufe na leƙa fayil ɗin Yaya don in tabbatar yana lafiya. Yana nan yadda na bar shi, ko ɗigo bai ɓata ba. A gefen kowane fayil na'urar takan rubuta ranar ƙarshe da aka buɗe shi. Ranar da na kwafa mata ce.